Hukuncin Kotu a Kan Bashi a Ingila da Tabon da Yake Bari a Sunan Mutum

A Ingila da Wales, idan mai bin bashi ya gaji da aika takardun tuni ya garzaya kotun gunduma, wato kotun da ke sauraron yawancin rigingimun kuɗi tsakanin jama'a, abin da yake samu in ya yi nasara shi ne hukuncin da ke tabbatar da bashin tare da umartar wanda ake bi ya biya, kuma wannan hukunci shi ne mutanen ƙasar suke kira CCJ a taƙaice. Ba hukuncin aikata laifi ba ne, bashin kansa kuma ba ya kai mutum gidan yari, amma duk da haka ana tsoronsa fiye da yadda girman kuɗin zai sa a yi zato, domin sau da yawa ɓarnar ba a aljihu take tsayawa ba, a suna take zama.

Dalilin haka shi ne rajistar hukunce-hukunce, wani kundi na hukuma da kamfanin Registry Trust, wanda aka kafa a 1985 ba don neman riba ba, yake kula da shi a madadin Ma'aikatar Shari'a. Da zarar an shigar da hukunci a kundin, sunan mutum da adireshinsa da adadin kuɗin suna zama a ciki har shekara 6, kuma kowa yana iya biyan ɗan kuɗi kaɗan ya bincika ta intanet. Daga nan ne manyan kamfanonin tattara bayanan bashi guda uku, Experian da Equifax da TransUnion, suke kwasar labarin su zuba a fayil ɗin mutum, wato takardar tarihin cin bashinsa da biyansa, wadda banki yake dubawa kafin ya ba da rancen sayen gida, kamfanin waya yake dubawa kafin ya ba da waya a biya wata-wata, dillalin gidajen haya ma yake nema kafin ya miƙa makulli. Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa, sai dai a wannan tsari hanjin wasu a waje yake, duk mai wucewa yana gani.

Hanyar da ake bi kafin a kai ga hukunci tana da matakai da aka ƙayyade wa kwanaki. Tun daga watan Oktoba na 2017, ƙa'ida ta wajabta wa kamfanin da ke bin mutum bashi ya fara aika masa takardar gargaɗi mai bayyana asalin bashin da adadinsa, ya kuma ba shi kwana 30 ya amsa kafin a shigar da ƙara. Idan aka shigar, kotu tana aika takardar ƙara ta gidan waya, galibi daga wata cibiya da ke garin Northampton inda ake sarrafa ƙararrakin manyan kamfanoni da yawa a lokaci guda ta kwamfuta, kuma wanda ake ƙara yana da kwana 14 ya amsa, ko dai ya amince da bashin ya faɗi abin da zai iya biya duk wata, ko ya musanta, ko ya sanar da kotu cewa takarda ta iso shi, abin da ke ƙara masa wa'adin kare kansa zuwa kwana 28. Wanda ya yi shiru kuwa, mai ƙara yana neman a yanke masa hukunci a bayan idonsa, ba tare da wani alƙali ya zauna ya auna hujja ba, kuma mafi yawan hukunce-hukuncen bashi a ƙasar ta wannan ƙofa suke fitowa.

A nan ne tsarin yake da rauni mafi girma, domin doka ta yarda a aika takardar ƙara zuwa adireshin ƙarshe da aka san mutum da shi, ko da yake ta ɗora wa mai ƙara nauyin yin bincike gwargwadon hali idan yana da dalilin zaton mutumin ya tashi. Ana iya ɗaukar misalin ma'aikaciyar jinya da ta sauya gidan haya sau biyu cikin shekara guda saboda wurin aiki, ta manta ba ta sauya adireshin da ke kan takardun motarta ba, sai wani kamfanin kula da wurin ajiye motoci ya ci ta tara, takardun tuni da na kotu suka yi ta faɗawa ta ramin ƙofar tsohon gidan suna taruwa a ƙasa tare da takardun talla har sabon ɗan haya ya share su ya zuba a shara. Ba za ta san da zancen ba sai ranar da ta tsaya a shagon waya, mai shago ya dubi allon kwamfutarsa ya ce ba a amince ba, alhali shi kansa bai san dalili ba. Yawan irin wannan koke ne ya sa gwamnati ta buɗe neman ra'ayin jama'a a kan hukuncin bayan ido a ƙarshen 2017.

Bayan an yanke hukunci, wa'adin da ya fi kowane muhimmanci shi ne wata ɗaya. Wanda ya biya kuɗin gaba ɗaya cikin watan, ya kuma nuna wa kotu shaidar biya, ana goge sunansa daga kundin kamar ba a taɓa rubuta shi ba. Wanda ya biya bayan watan ya wuce, ko da kwana biyu ne, abin da zai samu kawai shi ne a rubuta cewa an biya a gefen hukuncin, wanda zai ci gaba da zama har shekara 6 ɗin su cika. Masu ba da rance suna bambanta hukuncin da aka biya da wanda ba a biya ba, tabon kuma yana raguwa da tsufa, amma akwai tsauri a ƙa'idar da ke ba wa wanda ya yi ɗan jinkiri da wanda ya ƙi biya ƙememe tsawon wa'adi ɗaya, musamman da yake mai iya fitar da kuɗi dunƙule cikin wata guda yawanci ba shi ne mai tsananin buƙatar sassauci ba.

Ga wanda hukunci ya riska bai sani ba, akwai damar neman kotu ta soke shi ta hanyar cike fom mai lamba N244 da biyan kuɗin kotu, wanda ake iya rage wa ko yafe wa mai ƙaramin ƙarfi. Dole ne kotu ta soke hukuncin idan an yanke shi bisa kuskure, misali kafin wa'adin amsa ya cika ko bayan an riga an biya bashin, tana kuma da zaɓin sokewa idan mai nema ya nuna yana da kariya mai ƙwari ko wani dalili mai kyau, kuma a nan alƙali yana duba ko ya hanzarta ne da jin labari ko ya yi zaune watanni. Sokewa ba ta kashe bashin, mayar da ƙarar matakin farko take yi, saboda haka wanda ya san lallai ana bin sa kuɗin ya kamata ya shiga da shirin biya. Wata kariya da mutane da yawa suke asararta ta hanyar shiru ita ce ta tsufan bashi: wata doka ta 1980 ta ƙayyade shekara 6 domin kai ƙara a kan yawancin basussukan yau da kullum, kuma biyan wani abu daga ciki ko amincewa da bashin a rubuce kafin wa'adin ya cika yana sa a sake ƙirga daga farko, amma kotu ba ta tayar da wannan hujja da kanta, sai wanda ake ƙara ya kawo ta. Wanda kuma ya yarda da bashin amma abin da aka yanka masa duk wata ya fi ƙarfinsa, fom N245 yake cikewa, ya zayyana abin da ke shigo masa da abin da ke fita, a sassauta masa.

Idan aka ƙi biya, mai bin bashi yana da hanyoyin tilastawa, kowace sai ya koma kotu ya nema. Yana iya sa a turo ma'aikatan ƙwace kaya, waɗanda doka ta hana su ɓalle ƙofar gidan zama a zuwansu na farko, ta kuma hana su ɗaukar kayan da rayuwa ba ta yiwuwa sai da su, kamar gado da murhun girki, da kayan sana'a da darajarsu ba ta wuce fam 1,350 ba. Yana iya sa a riƙa yanka daga albashi tun daga wurin aiki, ko a riƙe kuɗin da ke asusun banki, ko a ɗora bashin a kan gidan da mutum ya mallaka ta yadda in an sayar za a cire. Tun watan Mayu na 2021 akwai kuma tsarin sararawa na kwana 60, wanda ke dakatar da yawancin matakan tilastawa da hauhawar kuɗin ruwa ga wanda ya nemi taimakon masu ba da shawara kan bashi, irin su StepChange da Citizens Advice, waɗanda ba sa karɓar ko kwabo.

Ba kowace ƙasa ce ta ɗaure hukuncin kotu da fayil ɗin bashi haka tamau ba. A Amurka, manyan kamfanonin tattara bayanai sun cire hukunce-hukuncen bashi daga fayilolin jama'a tun daga 2017, saboda takardun kotu sukan zo ba cikakken bayanin da zai tabbatar da wane ne mai sunan, har a liƙa wa wani bashin wani. A Najeriya kuwa, inda aka yi dokar tattara bayanan bashi a 2017, Babban Banki ya buɗe wata hanya a 2020 da ke ba banki damar cire bashinsa daga asusun da mai cin bashin yake da shi a wasu bankuna ta amfani da lambar BVN, bisa izinin da ya sa wa hannu tun ranar karɓar rance. Tarihin biyan bashi ba ya bin mutum ya ƙetare iyaka da kansa, saboda haka ɗalibi ko likitan da ya tashi daga Kano ko Zariya ya sauka a Ingila da fayil fari fat yake farawa, komai amanarsa a gida, kuma idan takardar kotu ta ɓace masa a shekararsa ta farko, hukuncin yana iya zama kusan abu ɗaya tilo da banki zai gani in ya buɗe sunansa.