Cike Saiwar Haƙori: Da Me Likita Yake Liƙe Ta?

Jama'a, ko a ƙauye ko a Soron Ɗinki cikin birnin Kano, in ciwon haƙori ya tashi da dare, sai a nemo kanumfari a cusa cikin kogon. Zafin yakan lafa, amma cutar tana nan.

Ga dalili. Cikin kowane haƙori akwai siririn rami da ya bi saiwa, inda jijiya take. In ruɓa ta kai can, sai jijiyar ta mutu, mugunya ta taru. Ba lalle ne a cire haƙorin ba. Likita yana iya kwashe ruɓar, ya wanke ramin, ya cika shi da ɗan tsinken danƙo na wata itaciyar ƙasar Maleshiya. Danƙon kaɗai ba ya toshe ko'ina, sai an haɗa da abin liƙi. Ga iri uku da aka fi sani:

1. Garin tutiya da man kanumfari. Shi ne na tun da, yana da araha, yana kuma kashe ƙwayoyin cuta. Aibinsa, yakan narke a hankali in danshi ya same shi.

2. Gam irin na roba. Yana kama haƙori ƙam, ba ya narkewa da sauri. Amma sai an busar da ramin sosai kafin a sa.

3. Mai kama da siminti. An fara bayyana irinsa a Amurka a 1993. Danshi ne ke sa shi daskarewa, naman jiki kuwa ba ya ƙinsa. Sai dai tsada, da wuyar cirewa in za a sake aikin.

To, wanne ya fi? Kowanne yana aiki a hannun gwani. Abin da ya fi muhimmanci shi ne a wanke ramin sarai, kuma a rufe bisan haƙorin da kyau. Saboda haka in likita ya ce ku komo, lalle ku koma, ko da zafin ya tafi.

Akwai sashen haƙori a Asibitin Murtala kusa da Ƙofar Mata, da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. In kunci ya kumbura, ko zazzaɓi ya biyo, kada a kwana.

Ku riƙa goge haƙora safe da dare, ku rage alewa. Rigakafi ya fi magani.