Mai sito da littafin sakatare

A ƙauyukan da ke kewaye da Matamaye, ko ta hanyar Kance ko ta Dan Barto, duk inda aka kafa bankin hatsi akwai abin da ba a wasa da shi. Idan damina ta yi tsakiya, rumbuna sun yi ƙasa, aka buɗe sito, mai sito ba ya auna wa mutum gero don ya san fuskarsa. Sai ya tambaya: "Baba, wa ke nan?" Katin iyali ya amsa wannan. Sai ya sake tambaya: "Kana cikin 'yan ƙungiya?" Wannan kuwa littafi ne ke amsawa, kuma littafin yana hannun sakataren kwamiti. Mai sito tiya kawai yake riƙe da ita, da mabuɗi.

Haka ofishin da ke da layin intanet guda da ma'aikata da yawa yake yi, ko asibiti ne ko makaranta. Ana dasa wata kwamfuta a bakin ƙofa, furoksi, duk mai son fita intanet sai ya bi ta kanta. Ɗaya daga cikin manhajojin da aka saba ɗora wa wannan aiki ita ce Squid, wadda ta fito a 1996, kyauta ce, kuma bisa al'ada tana sauraro a ƙofa mai lamba 3128. Littafin kuwa shi ne kundin ma'aikata. A mafi yawan ofisoshi Active Directory ne na Microsoft, wanda ya zo tare da Windows 2000. Masu tsimin kuɗi sukan ɗauki OpenLDAP, ko Samba, wadda tun 2012 take iya tsayawa a madadinsa. Harshen da mai ƙofa ke tambayar kundi da shi LDAP ne, wanda aka ƙera a Jami'ar Mishigan ta Amurka a farkon shekarun 1990.

Ma'aikaci ya buɗe burauza, Squid ta mayar masa da lamba 407, wato a gabatar da kai. Ya ba da suna da kalmar sirri, kundi ya ce e, shi ne. Ba a gama ba. Sai Squid ta tura wani ɗan aike, ext_ldap_group_acl, ya tambayi kundi ko wannan suna yana cikin rukuni kaza. Idan aka ce a'a, lamba 403 ce tasa: an san ka, amma ba ka da rabo a nan. Masu sabon hannu sukan cuɗa tambayoyin nan biyu, su yi ta sauya wa mutum kalmar sirri alhali sunansa ne ba a rubuta a shafin da ya dace ba.

Amfanin rukuni yana fitowa ne ranar sauyin wurin aiki. A ce an ɗauke akawu daga Matamaye an kai shi Damagaram, an kawo wani. Idan mai sito ne ke riƙe da sunaye a aljihunsa, sai an bi shi an gyara takardarsa, a bi mai imel a gyara tasa, a bi mai firinta. Idan kuwa littafi ɗaya ne, sakatare ya soke suna ya rubuta wani, shi ke nan. Dokokin Squid ba sa ambaton Wane da Wance, rukuni suke ambata: masu kula da kuɗi su shiga shafin banki, 'yan koyon aiki a rage masu ƙarfin layi, YouTube sai bayan la'asar. Ana karanta dokokin daga sama zuwa ƙasa, wadda ta fara dacewa ita ke aiki, shi ya sa ta ƙarshe ake sa ta hana kowa. Wanda ya sa ta buɗe wa kowa a sama ya bar sito a hangame, duk abin da ya rubuta a ƙasa ado ne.

Sai dai mai sito yana da ƙwaƙwalwa, kuma nan ake yawan rigima. Squid ba ta komawa kundi a kowane dannawa. Idan ba a sauya saitin ba, takan riƙe amsar rukuni na daƙiƙa 3600. Wanda aka cire da ƙarfe tara zai iya ci gaba da yawo har goma, wanda aka ƙara kuma ya tsaya yana rantsuwa cewa an rubuta shi. Ni a ganina a rage lokacin zuwa 'yan mintuna. Ƙaramin ofishi ba zai gajiyar da kundi da tambaya ba.

Akwai kuma rukuni cikin rukuni, kamar ƙungiyar mata ta unguwa da ta shiga banki a dunƙule. Tambayar LDAP ta yau da kullum ba ta leƙa ciki, sai an sa mata ƙa'ida ta musamman ta Active Directory mai lamba 1.2.840.113556.1.4.1941. Kalmar sirri ma, idan aka aika ta ta hanya mafi sauƙi, a buɗe take tafiya. Rufe layin kundi ta ƙofa 636 yana kare ta ne tsakanin Squid da kundi kawai; idan ana so a kare ta tun daga burauza, sai a koma wata hanyar tantancewa mai suna Kerberos. Shi kuma Kerberos ba ya yafe saɓanin agogo da ya wuce minti 5, abin lura ne a garin da wuta ke zuwa tana ɗaukewa, kwamfutoci kuma batirin agogonsu ya tsufa.

Abin da ya fi ba ni tsoro ba ya cikin Squid ko kaɗan. Shi ne mai izinin rubutu a kundi. Shugaba ya ce a sa ƙanensa a rukunin da ba a toshe masa komai, "na kwana biyu ne kawai", shekara ta zagayo sunan yana nan. Ɗan koyon aiki ya tafi, ba wanda ya soke shi, kalmar sirrinsa ta zama ta unguwa. Kwamitin banki mai kan gado yakan tara jama'a bayan kaka, a karanto sunaye da babbar murya, a cire wanda ya ƙaura da wanda ya rasu. Rukunan kundi su ma suna buƙatar wannan zama, ko sau ɗaya a wata uku, kuma shugaban sashe ne ya kamata ya zauna da jerin a gabansa, don shi ya san wanda ya daina zuwa aiki.