Daga Motar Kara Zuwa Tubalin LEGO

Duk wanda ya tashi a Yola ko Jimeta ya san motar kara da ta gwangwani, waɗanda yara ke ƙerawa da hannunsu. A yau kuwa an samu ƙananan tubala na roba masu maƙalewa da juna, waɗanda ake yin gini da su, a rushe, a sake. Asalinsu daga kamfanin LEGO ne na ƙasar Denmark, wanda wani kafinta, Ole Kirk Christiansen, ya kafa a 1932. An yi wa tubalin rajista a 1958.

Daga 1999 kamfanin ya shiga sayen izinin fitattun finafinai, ya fitar da kayan Star Wars, sannan na Harry Potter a 2001. Kowane kwali yana zuwa da takardar da ke nuna yadda za a harhaɗa jirgi ko gidan da aka gani a fim.

A nan gizo ke saƙar. Yaron da ya tsaya ga bin takarda kwaikwayo kawai ya koya, alhali mai motar kara shi ke tsara abinsa. Saboda haka idan yaro ya gama, iyaye su bar shi ya rushe, ya gwada gina gadar Jimeta ta kan kogin Binuwai da basirarsa.