Amrigebe: An cike kududdufi an gina gida, ruwa ya dawo neman wurinsa

Duk wanda ya taɓa yin damina a Amrigebe ya san yadda watan Agusta yake. Ruwan dare ɗaya ya isa ya mayar da layi rafi. Da safe sai ka ga magidanta sun naɗe wando har gwiwa, mata na kwalfe ɗaki da roba, 'yan babur kuwa ko su ƙi shiga unguwar ko su ninka kuɗi. Ni malamin makaranta ne, don haka ta wata fuska nake ganin abin: idan aka koma aji a Oktoba, akwai yaran da ke zuwa da littafin bara ya kumbura ya manne, akwai waɗanda zazzaɓin sauro ke riƙewa a gida mako biyu.

Kowa cewa yake ruwa ya yi yawa. Gaskiya ne. Amma dattawan unguwa suna ƙara wata magana: wuraren da ruwan ke kwanciya a da, yau katanga ce a kansu.

Aikin da kududdufi ke yi ba a biyansa

Njamena gari ne shimfiɗe, ƙasarsa laka ce, ba ta saurin shanye ruwa. Kusan duk ruwan shekara kuma cikin wata uku yake sauka. Abin da ya daɗe yana ceton gari shi ne kududdufan nan da ake kira buta da Larabcin Chadi (ba butarmu ta alwala ba). Wasu kwari ne tun asali, wasu ramuka ne da aka ɗebi ƙasar gini a cikinsu. Su ke karɓar ruwa idan ya sauko da ƙarfi, su riƙe shi har ya janye a hankali. Dabbobi su sha, masu bulo su kwaɓa laka, wani ya yi ɗan lambu a baki.

Sai gari ya cika. Ƙidayar 2009 ta samu mutum kusan miliyan ɗaya a Njamena, kuma tun daga lokacin ƙaruwa ake yi. Fili ya yi tsada. Aka fara zuba shara a bakin kududdufi, aka bi da ƙasa, aka kafa turaku, aka sayar. Mai sayarwa ya karɓi kuɗinsa, mai saye ya samu inda zai sa iyalinsa. A takarda ba wanda ya yi asara, domin aikin da kududdufin ke yi bai taɓa shiga rasit ba. Asarar sai damina take fitowa, kuma maƙwabta ke biyanta: buhunan yashi, katifar da ta ruɓe, bangon da ya faɗi, kuɗin magani, kwanakin da ba a fita kasuwa ba.

Lissafin da masana suka yi

Wannan ba matsalar Amrigebe kaɗai ba ce. A 1997 wani masani mai suna Robert Costanza da abokan aikinsa sun yi ƙoƙarin sa farashi a kan hidimar da muhalli ke yi wa ɗan Adam kyauta: daji da ke riƙe ƙasa, fadama da ke tare ambaliya da tace ruwa, ƙudan zuma da ke barbarar amfanin gona, teku da ke ba da kifi. Sun ƙiyasta dala tiriliyan 33 a shekara, fiye da duk abin da tattalin arzikin duniya ke samarwa a lokacin. Dalar Amurka fa ake nufi, ba dalarmu ta sefa biyar ba.

A 2014 suka sake lissafi da sababbin bayanai, suka samu kimanin tiriliyan 125 a shekara. Abin da ya fi jan hankali shi ne asarar: tsakanin 1997 da 2011, canjin yadda ake amfani da ƙasa, wato sare daji a yi gona, cike fadama a yi gini da makamantansu, ya rage darajar wannan hidima da abin da ya kai tiriliyan 4 zuwa 20 a kowace shekara, gwargwadon ma'aunin da aka ɗauka.

A lissafin nasu, hekta ɗaya ta fadamar da ruwa ke malala a kanta tana yin aikin sama da dala dubu 25 a shekara, hektar gona kuwa dubu 5 da 'yan kai. Ga shi kuma irin wannan ƙasa ce ta fi saurin ɓacewa: rahoton yarjejeniyar Ramsar na 2018 ya nuna duniya ta rasa kusan kashi 35 cikin 100 na fadamu da dausayinta daga 1970 zuwa 2015.

Akwai masu sukar waɗannan alƙaluma, suna cewa ƙiyasi ne kawai, kuma darajar kududdufi a Turai ba ɗaya take da ta Chadi ba. Suna da hujja. Su masu binciken ma ba cewa suka yi a kai muhalli kasuwa ba. Abin da suke faɗa shi ne, duk abin da ba a rubuta masa farashi ba, mai yanke hukunci sifiri yake ɗaukarsa.

Darasi daga ƙetaren kogi

Ba sai mun je nesa ba. Kogin Logon da ke haɗuwa da Shari a nan gabanmu yana da faffadar fadama a ɓangaren Kamaru. A 1979 aka gina madatsar Maga don noman shinkafa, aka tare ruwan da ke malala kowace shekara. Shinkafa ta samu, amma kifi ya ragu, ciyawar rani da makiyaya ke dogaro da ita ta bushe, mutane da yawa suka tashi. Sai a 1994 aka fara buɗe wa ruwan hanya ya koma wani sashe na fadamar, kifi da kiwo suka fara farfaɗowa. An ƙirga buhun shinkafa tun farko, ba a ƙirga kifi da nono ba.

Abin da ya rage a hannunmu

A 2022 ruwan sama ya cika unguwanni, sannan a Oktoba Shari da Logon suka tumbatsa suka shiga Waliya, har gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci. A 2024 ambaliya ta shafi mutum kusan miliyan biyu a faɗin ƙasa, sama da 500 suka rasu. Ba za a ce cike kududdufai ne ya jawo duk wannan ba. Ruwan ya yi yawa, koguna sun cika. Amma ruwan da ya tarar da wurin kwanciya da wanda ya tarar da katanga ba ɓarna ɗaya suke yi ba. Yanzu da kuɗi ake haƙa tafkunan tara ruwa, a gina magudanu, a sa injinan zuƙa masu shan mai, don su yi aikin da kwari ke yi a banza.

Ba na ganin laifin talakan da ya sayi fili mai araha. Haya ta kore shi. Kuma kududdufin da ya zama juji, gidan sauro ne da wari, ba wanda zai so shi a ƙofar gidansa. Maganinsa a yashe shi a kewaye shi, ba a binne shi ba. Masu unguwa da ma'aikatan gunduma su san iyakar kowane kududdufi da ya rage, su ƙi sa hannu a kan cinikinsa. Mu kuma mu daina kai masa shara da leda.

Kafin ka biya kuɗin fili, ka je ka gan shi a Agusta, ba a Maris ba. Ka tambayi tsohon da ya fi kowa daɗewa a layin: Baba, a da ina ruwan nan yake kwana? In ya nuna maka inda kake tsaye, to ka riƙe kuɗinka.