Mas'alar Fuli da Fanka a Injunan Ƙasar Rano

Wanda duk ya ratsa Madaci da ƙauyukan da ke tsakanin Rano da Kibiya bayan kaka, sa'ad da masara da dawa suka shiga rumbu, shinkafa kuma ta taru a bakin masu casa, ba zai rasa jin rurin injuna tun daga hantsi har zuwa la'asar sakaliya ba, domin tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, noman rani ya bunƙasa a kudancin Kano, inji ya zama abokin zaman talaka. Amma kaɗan ne daga masu injunan nan suka tsaya suka yi nazari a kan ƙananan abubuwa biyu da lafiyar injin ta rataya a kansu, watau fulin da bel ke hawa, da fankar da ke kore zafi.

Hisabin fuli ba shi da wuya ga mai natsuwa. Ƙaramin injin fetur yakan juya sau 3,600 a minti ɗaya, to in fulinsa inci 3 ne, na injin niƙa kuwa inci 12, niƙa za ta juya sau 900, in kuma aka musanya ƙaramin da mai inci 4, sai ta haura zuwa 1,200. A nan ne mai inji yake murna, yana zaton ya sami ƙarin ƙarfi a banza, alhali kuwa fuli ba ya ƙago ƙarfi, musaya kawai yake yi, abin da aka ƙara na sauri daga ƙarfin juyi aka cire shi. Saboda haka da zarar an zuba jiƙaƙƙen hatsi, sai inji ya kama nishi, bel ya riƙa zamewa yana ƙauri, boris ya ɗau zafi, gari ya fito da ɗumi, sauri ya haifi nawa. Ba na cewa sauya fuli laifi ne, domin tsohon injin da ya gaji, ko wanda aka ɗora wa aiki mai nauyi, maslaharsa ita ce a ƙara girman fulin niƙa, ya yi aikinsa a hankali, ya daɗe. Sharaɗi dai shi ne fulin biyu su daidaita a layi ɗaya, ko da zare aka gwada, bel kuma kada ya yi ɗaurin da zai ci boris.

Sha'anin fanka ya fi ban tausayi. A injin da iska ke sanyayawa, fankar tana juyawa ne tare da injin, ma'ana lokacin da lodi ya danne shi, zafi ya tsananta, a daidai lokacin ne iskar take raguwa. Sa'an nan wasu sukan cire murfin fankar wai don inji ya sha iska, ba su san murfin ne ke tattara iskar ya kai ta kan silinda ba, ga dusa da ƙurar hunturu sun toshe tsagogin ƙarfen da zafi ke fita ta cikinsu.

Irin wannan ijtihadi ne ya yaɗu a motocin haya da ke zirga-zirga tsakanin Rano da Kano, inda bakanike kan zare tamostat, ya haɗa fanka dairek, hujjarsa ita ce zafin bazara da kan kai digiri 40. Niyyarsa kyakkyawa ce, amma ƙiyasin ya ɓaci, gama an ƙera injin ne ya yi aiki da ruwa mai zafin digiri 80 zuwa 90, in ya kasa kaiwa nan, musamman da asubahin hunturu, sai ya ƙara shan mai, ya yi saurin cinyewa. Galibi kuwa illar da ke sa injin mota zafi tana ga lagireto da ya toshe, ko murfinsa da ya saki, ko famfon ruwa da ya mutu. Haka nan mai rage fulin fanka don ta ƙara gudu ya sani cewa in gudunta ya ninka sau biyu, ƙarfin da take ci daga injin yakan ninka sau takwas.

Ina roƙon masu injuna da kanikawanmu, waɗanda dukiyar jama'a amana ce a hannunsu, kafin a kai fuli wajen mai walda, a wanke lagireto, a share tsagogin silinda, a auna fulin nan biyu, a yi lissafi a takarda.