Ƙarin Fitila a Motar Kayan Gwari: Yadda Ake Haɗa Ta Ba Tare da Jawo Gobara Ba

Tumatirin da aka tsinka da safe a Kadawa ko Ɗanja, aka loda shi da yamma a Kwanar Gafan, yana da tafiyar kimanin kilomita 1,000 a gabansa kafin ya isa hannun mai saye a Legas. Akasarin wannan tafiya da dare ake yin ta, domin zafin rana shi ne babban abokin gabar kayan gwari. Daga Zariya zuwa Kaduna, a bi ta Mokwa a ƙetare Kwara a Jebba, a wuce Ilori da Ogbomosho da Ibadan, direba ba shi da abin dogaro bayan Allah sai fitilar motarsa. Shi ya sa da wuya ka ga J5 ko babbar mota tana sauke kwanduna a Mile 12 ko kasuwar Ile-Epo ba tare da an ƙara mata fitilu a goshi ba.

Ni fannina tsirrai ne, ba lantarki ba. Abin da ya jawo ni cikin wannan magana shi ne wani aiki da muka yi na bin sawun tumatir daga gona zuwa kasuwa, don gano inda asara take aukuwa. A lokacin na sauka a Agege, unguwar da Hausawa suka daɗe da zama tun zamanin fataucin goro, suka kuma ƙaru bayan da layin dogo ya haɗa Ikko da Kano. A wani filin ajiye motoci kusa da Zangon Agege na ga wata J5 da gabanta ya ƙone ƙurmus. Ba karo ta yi ba. Yaron motar ya ce mini fitilu biyu suka saya, suka ɗaura wayarsu kai tsaye a kan batir, suka zura ta cikin wata ƙofa a jikin ƙarfen mota. Girgizar hanya ta sa ƙarfen ya yanke robar wayar, wuta ta tashi da tsakar dare. Kwandunan da ke ciki na manoma ne da dama, kuma bashi suka ci suka yi noman rani.

Ashe ke nan wannan batu ya shafi manomi, ya kuma shafi malamin gona, musamman yanzu da ƙungiyoyin manoma ke haɗa kuɗi su sayi a-kori-kura ko keke mai ɗaukar kaya. Aikin ba shi da wuya, mai mota na iya yin sa da kansa cikin yini guda. Sai dai akwai ƙa'idojin da ba a tsallakewa.

Lissafi kafin a je kasuwa

Da farko a san ƙarfin wutar motar. Ƙananan motoci, irin su J5 da Hilux da keke mai ƙafa uku da yawancin taraktoci, bolt 12 suke amfani da shi. Manyan motoci irin su DAF da MAN bolt 24 ne, wato batir biyu aka jera. Ƙwan fitila mai bolt 12 yana mutuwa nan take in an sa shi a wutar 24. Wasu kan yi dabarar jan wuta daga batir ɗaya cikin biyun don su sami 12. Wannan dabara tana kashe batir, domin ɗaya zai riƙa ƙarewa ɗayan kuma yana shan cajin da ya wuce kima, ƙarshenta a sayi sababbi guda biyu.

Daga nan sai a lissafa yawan wutar da fitilun za su ja. A jikin kowace fitila an rubuta wat ɗinta. A tara wat ɗin duka, a raba da bolt, abin da ya fito shi ne amfiya. Misali, fitilun halojin biyu masu wat 55 kowace sun zama wat 110. In aka raba da 12 za a sami amfiya 9 da 'yan kai. Da wannan adadi ake zaɓar kaurin waya da girman fis. Ga irin waɗannan fitilu, waya mai kaurin milimita 2.5 da fis mai amfiya 15 sun wadatar. Fitilun LED, waɗanda suka cika kasuwa a yanzu, ba su cin wuta kamar halojin, kuma da yawansu suna karɓar bolt 12 da 24 duka. Amma a karanta jikin kwalin, kada a ɗauka haka kowace take.

A nan ina so in ɗan daɗe a kan waya, domin a wurinta ake yawan yin ha'inci, kuma a wurinta mai saye ke son rage kuɗi. Akwai wayar da ake sayarwa wadda cikinta alminiyam ne aka shafa masa jan ƙarfe a sama. Ido ba ya bambanta su da sauri. A fere robar, a kankare zaren da wuƙa: in fari ya bayyana, ba jan ƙarfe ba ne. Irin wannan ba ta ɗaukar wuta kamar ta gaske, tana saurin karyewa, ga shi danshin Legas da iskar teku suna cinye ta. Akwai kuma wadda robarta ke da kauri amma zaren cikinta bai taka kara ya karya ba. Haka nan wayar gida mai tsinke ɗaya ba ta dace da mota ba, girgiza na karya ta. Mai zare da yawa ake nema. Wayar da ta yi siriri tana zafi, kuma zafin ba a hankali yake hawa ba: in wutar da ke bin ta ta ninka sau biyu, zafin ninkawa yake sau huɗu. Ban da haka tana rage haske. Ƙwan halojin da wutarsa ta ragu da kashi 10 cikin ɗari yakan rasa kusan kashi 30 na haskensa. Mutum ya sayi fitila don ya ga hanya, waya ta cinye hasken a tsakani. Araha ba ta ado.

Fis da rile

Fis ba don fitila aka yi shi ba, don waya aka yi shi. Aikinsa ya tsinke kafin waya ta kama wuta. Saboda haka wurinsa shi ne dab da batir, tazarar da ba ta wuce taƙi ɗaya ba daga kan da ke da alamar +. Duk tsawon wayar da ke tsakanin batir da fis ba shi da mai tsaro. Da a ce motar nan da na gani a Agege tana da fis a wannan wuri, da abin da za a rasa bai wuce ɗan fis ɗin ba. Ana gane girman fis mai ƙafa biyu da launinsa: ja amfiya 10, shuɗi 15, rawaya 20, kore 30. In ya tsinke, akwai dalili, a nemi dalilin. Ɗabi'ar naɗa zaren waya ko takardar sigari a gurbinsa daidai take da cire shi baki ɗaya.

Rile kuwa ɗan ƙaramin akwati ne baƙi wanda ke aikin makunni, amma wuta ce ke kunna shi, ba yatsa ba. Amfaninsa shi ne wuta mai yawa ta bi gajeriyar hanya daga batir zuwa fitila, ba tare da ta shiga ɗakin direba ba. Makunnin da ke gaban direba 'yar wuta kaɗan kawai yake aikawa, wadda ba ta kai rabin amfiya ba, don ya umarci rile ya buɗe hanya. Wanda ya bar rile ya bi da amfiya 9 ta cikin makunnin fitilar mota na asali, yana dafa makunnin ne a hankali, kuma ranar da ya narke fitilun gaba duka za su ɗauke lokaci guda, wataƙila a tsakiyar kwana.

A ƙarƙashin rile akwai ƙafafu masu lamba, bisa wani tsari da ya samo asali daga Jamus, kuma duk inda aka ƙera shi lambobin ɗaya ne. Ƙafa ta 30 ita ke karɓar waya mai kauri daga batir ta cikin fis. Ƙafa ta 87 ita ke kai wuta ga fitilu. Ta 86 tana zuwa makunni, ta 85 kuma a ɗaure ta a jikin ƙarfen mota. In rilen mai ƙafa biyar ne za a ga 87a a tsakiya. Ba a bukatarta a wannan aiki, a rufe ta da kyau, domin tana ɗauke da wuta a duk lokacin da fitilun ke kashe. Shi ma rile akwai na 12 akwai na 24.

Kafin a taɓa komai, a kashe mota, a cire kan batir mai alamar −, shi ne na farkon cirewa kuma na ƙarshen mayarwa. Dalili shi ne duk jikin mota a haɗe yake da wannan kai, don haka in aka fara da ɗayan, sifana ta taɓa ƙarfe, tartsatsi zai tashi kusa da batir, shi kuwa yana fitar da iska mai kama wuta. A cire zobe da agogon ƙarfe. Inda za a ɗaure wayar da ke komawa jikin mota, a kankare fenti da tsatsa har ƙarfe ya yi fari, a ɗaure da noti, sannan a shafa ɗan giris. Rabin fitilun da ke kyaftawa a hanya, wannan ɗaurin ne ya yi sako-sako. Duk inda waya za ta ratsa ƙarfe a sa mata zoben roba, ko a zura ta cikin guntun tiyo. A nisanta ta da salansa da fanka da bel, a ɗaure ta a wurare da dama kada ta yi lilo. Murɗa waya biyu da hannu a naɗe da salatif ba haɗi ba ne. Zafin inji na sakin salatif cikin 'yan makonni. A yi amfani da kawunan waya na matsewa, ko a yi dalma.

Haƙƙin wanda ke tahowa

Akwai wani ɓangare da ban cika jin ana maganarsa a tasha ba, alhali ya fi gobara yawan jawo asarar rai. Fitilar da ke haska maka hanya ita ce ke makantar da wanda ke fuskantarka. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa. In haskenka ya ɗauke wa direban tirela gani na daƙiƙa 3 kacal, ya yi tafiyar mita 66 bai san inda yake ba, kuma kai ne a gabansa.

Maganin wannan yana cikin haɗin wayar. Kada makunnin ƙarin fitilu ya ɗauki wutarsa daga batir kai tsaye. A jawo ta daga wayar babbar fitila mai dogon zango, ta bi ta makunni, ta tafi ƙafa ta 86. Da haka, da zarar direba ya sauke haske don mai tahowa, ƙarin fitilun sun mutu da kansu, ba sai ya lalubi wani makunni ba. Ana gano wayar da ɗan ƙwan gwaji. Sai dai wasu motocin Japan, har da Toyota da dama, an juya musu tsarin, makunninsu yana yanke ɓangaren − ne maimakon +, sababbin motoci kuma kwamfuta ce ke kula da fitilunsu. A irin waɗannan, gara a kai wa ƙwararren mai wayarin ya nuna wayar da ta dace, ko da sauran aikin mutum zai ƙarasa da kansa. A kuma sani cewa jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, suna iya tsayar da motar da haskenta ke cutar da sauran masu bin hanya, tumatir kuwa ba ya jiran a gama jayayya a bakin titi.

Saitin fitila a yi shi da kaya a cikin mota. Wannan kuskure ne da na gani sau da yawa: a saita fitila mota tana wofi, a loda mata kwanduna ko buhunan albasa, baya ya zauna, goshi ya ɗaga, haske ya koma kan bishiyoyi da idon jama'a. A tsayar da motar a wuri mai daidai, mita 7 da rabi daga bango. A auna tsayin fitila daga ƙasa, a yi alama a bangon. Fitilar dogon zango kada tsakiyar haskenta ya haura alamar. Fitilar hazo kuwa, wadda ake ɗaurawa ƙasa a jikin bamba, saman haskenta ya sauka ƙasa da alamar da kimanin santimita 10. Noman rani yana fitowa ne a lokacin hunturu, don haka direban kayan gwari ya fi kowa shan hazo daga Disamba zuwa Fabrairu. A cikin hazo, farin haske mai ƙarfi da aka ɗora a saman mota dawowa yake cikin idon mai shi. Wanda ke ƙasa, mai faɗi, shi ke nuna gefen kwalta da ramuka.

Saura fitilar baya ta sauke kaya. A Mile 12 da mayankar Oko-Oba aiki yana farawa tun kafin asuba, kuma fitila ɗaya a bayan mota tana rage faɗuwar kwanduna da tattake kaya. A ba ta nata fis da nata makunni mai ɗan haske da ke nuna tana kunne, domin farin haske a baya yayin tafiya yana ruɗa wanda ke biye. A nan LED ta fi dacewa. Biyu masu wat 18 amfiya 3 kawai suke ja, alhali halojin biyu da aka bari awa uku inji na kashe za su zuƙe kusan amfiya-awa 27, abin da kan iya hana tsohon batir tayar da mota. Wannan tsari shi ne kuma za a bi wajen sa wa tarakta fitilar huɗar dare ko ta sussuka.

Bayan an gama, a mayar da kan batir, a tayar da mota, a bar fitilun a kunne minti goma sha biyar. A bi wayar da hannu tun daga fis har zuwa fitila. Ɗumi kaɗan ba laifi. Inda ya yi zafin da yatsa ba zai jure ba, ko dai wayar ta yi siriri ko haɗin bai kama ba, a gyara kafin a yi lodi. A sake wannan dubawa a zangon farko na tafiya, a Kaduna ko Mokwa, lokacin da girgiza ta gama gwada kowane noti. A ajiye fis uku ko huɗu masu girman da aka sa, da rile guda na ko-ta-kwana, a cikin aljihun gaban mota.