Tsohuwar Cuta da Sabuwar Nakasa: Yadda Ake Tantance Diyyar Ma'aikaci

Allah ya albarkaci Ƙanƙara da farar ƙasa, wadda ake amfani da ita wajen yin fenti da tangaran da magunguna. Yankin Faskari da Sabuwa kuwa ya daɗe da yin suna a noman auduga. Sai dai ƙurar da ke tashi wajen niƙa farar ƙasa, musamman idan ta gauraya da garin ƙanƙarar dutse, tana barin tabo a huhu wanda ba ya warkewa. Ƙurar auduga a ma'aikatar gurza ita ma tana ƙuntata hanyoyin numfashi.

A nan ne ake samun cikas. A ce ma'aikaci ya taɓa yin tarin tibi tun kafin ya kama aiki, daga baya numfashinsa ya gaza. Shin aikin ne ya nakasa shi, ko tsohuwar cutar?

Abin da doka ta tanada

Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda ta maye gurbin ta 1987, ta ɗora wa hukumar NSITF alhakin biyan diyya. Wanda ya nakasa gaba ɗaya har abada ana biyansa kashi 90 cikin ɗari na albashinsa. Idan kuwa akwai tsohuwar nakasa, ba a hana shi haƙƙinsa, amma ana biyan kason da aikin ya jawo ne kawai, wato bambancin da ke tsakanin halinsa na da da na yanzu. Misali, in nakasarsa kashi 10 ce a da, yanzu ta kai 40, to kashi 30 ake lissafa masa.

Yadda likita ke aunawa

Da farko sai an gama magani, an ga jikin ya tsaya a wuri ɗaya, domin ba a kiran nakasa dawwamammiya alhali ana sa ran sauƙi. Maganin tibi kaɗai yakan ɗauki wata 6. Bayan haka ma'aikacin zai hura iska da iyakar ƙarfinsa cikin na'urar auna numfashi. Idan abin da ya fitar a daƙiƙar farko bai kai kashi 70 na dukkan iskar ba, alama ce hanyoyin numfashi sun ƙuntata. Hoton ƙirji kuma yana taimakawa: tibi yakan bar rami ko tabo a saman huhu, ƙura kuwa takan bar ƙananan ɗige-ɗige birjik a huhun biyu. Wani lokaci cututtukan kan haɗu, domin huhun da ƙurar dutse ta lalata ya fi saurin kamuwa da tibi.

Duk wannan lissafi yana buƙatar ma'aunin farko. Ma'aikacin da aka duba lafiyarsa ranar da ya kama aiki, ya kuma adana katin asibitinsa da tsohon hoton ƙirjinsa, shi ne mai hujja a hannu. Dokar ta kuma nemi a sanar da mai aikin cikin kwana 14, a shigar da neman diyya cikin shekara ɗaya.